Zanen Mai Ido da Bangon Gwaggo

A benenmu mai hawa uku akwai wani mutum da kowa ke kira Mai Ido. Ba don idonsa ya fi na kowa girma ba, shi da bakinsa ya jawo wa kansa sunan. In ka sayi takalmi ya ce da ka tafi da shi, shi yana da ido. In ka yi wa ɗakinka fenti ya tsaya a bakin ƙofa ya karkace kai, ya ce ba laifi, amma mai ido ya san an yi kuskure. A shagon tabarau yake aiki, shi ne mai tsayawa bayan kanta yana miƙa wa mutane firam suna gwadawa a madubi, amma in ka ji shi da yamma yana ba da labari sai ka rantse shi ke buɗe idon makafi. Ni tela ne, shagona na ƙasan benen, daidai ƙarƙashin barandarsa, don haka abin da zan faɗa yawancinsa a idona aka yi, sauran kuma matata ta ji daga bakin matarsa.

Abin ya faro ne daga wurin aiki. Mai shagon tabarau ɗin, wanda suke kira Likita, ya ce zai buɗe sabon reshe a unguwar masu hali, kuma yana neman wanda zai ɗora a kai, mutum mai tsari wanda ya san abu mai kyau in ya gan shi. Su biyu ne a layi: Mai Ido, da wata mata marar hayaniya da ke gwada idon mutane a ɗakin ciki. A makon nan kuma Likita ya aike shi kai wa wani baƙo tabarau a babban otal. Aka bar shi zaune a falon otal ɗin kusan awa guda, yana fuskantar wani ƙaton zane da babu mutum a ciki, babu bishiya, babu ko akuya, sai launuka da aka watsa. Wasu mutum biyu masu kwat suka zo suka tsaya gaban zanen, suka harɗe hannu a baya, suka gyaɗa kai, suka wuce. Gyaɗa kan nan shi ya shiga ran Mai Ido.

Da yamma ya tarar da mu a bakin shagona, ni da abokan hirata Kafinta da Mahauci, ya ce ya gano inda manya suka sha gabanmu. Manya ba sa rataya zanen da ya yi kama da wani abu. Duk zanen da ka duba ka gane, na talaka ne. Shi zai sayi irin na otal, ya cika bangon falonsa da shi, ya gayyato Likita shan shayi, kuma kafin shayin ya huce an miƙa masa makullin sabon reshe. Ya ce ba sai an je wata ƙasa ba, a waya ake yin oda, a buga maka zanen a bayan wani faifai mai sheƙi kamar gilashi, sunansa akirilik.

Mahauci ya ce, "Roba ke nan dai, irin ta bokiti."

"Bokiti roba ne," in ji Mai Ido. "Wannan akirilik ne. In ba ka iya faɗa ba kada ka damu, ba a gidanka za a rataya ba."

Matarsa nas ce, mace mai sanyin hali, yaransu biyu kuma suna makarantar kwana. A bangon falon nan akwai agogo, da takardar shaidar aikinta a cikin firam, da hoton mahaifinta marigayi. Ta dawo daga aiki ta tarar da su duka a cikin kwali, bango ya zama fili.

Ta ce, "Baban yara, hoton Baba ne fa."

Ya ce Baba ya shekara goma sha biyu yana kallon talabijin tare da su, shi ma zai so ya huta a ɗaki. Ta ɗauki kwalin ta shige ɗaki. Matata ta ce shigewar nan ta fi mata tsoro a kan a ce faɗa aka yi.

Ya zo ya ari tef ɗina na awo. Na ce masa ya duba da wane awo kamfanin ke aiki, don ni na taɓa yin odar maɓalli aka kawo min masu faɗin murfin kofi. Ya ce awon wando daban, awon fasaha daban. Ya auna inda zai rataya a bango, faɗi santimita ɗari biyu da hamsin, tsaye ɗari da hamsin, ya zuba lambobin a waya ya danna.

Ranar da za a kawo kayan ya ɗauki hutu. Ya sa Kafinta ya cire masa ƙofar gida gaba ɗaya aka jingine ta a lungu. Ya bi gida-gida yana ƙwanƙwasawa a kwashe kekuna da takalma da tukwanen fure daga matakala. Ya ɗauko 'yan dako huɗu, ƙarti, ya jera su a inuwa. Ya dasa Mahauci a bakin titi yana korar duk motar da za ta tsaya, don a bar wa babbar mota wuri. Tun ƙarfe goma ake jira har biyu ta wuce. Can sai ga wani a kan babur, ya tsaya a tsakiyar filin da aka share, ya tambayi lambar gidan Mai Ido, ya zuge jakar bayansa, ya zaro wani kwali da bai fi littafin ɗan makaranta ba.

Ashe kamfanin da milimita yake awo.

Babban 'yan dakon ya miƙe, ya kakkaɓe wando, ya zagaya kwalin yana dubawa, ya tambaya cikin ladabi ko su huɗun za su kama tare, ko kuwa karɓa-karɓa za a yi a kowane hawa. Mai Ido ko buɗe kwalin bai yi ba. Ya cusa wa mai babur abinsa, ya hau sama, ya shige gidan da ba ƙofa, ya fito baranda da waya a kunne yana yi wa kamfanin faɗa da ƙarfi yadda duk titin zai ji cewa su ne ba su iya aiki ba.

Ya sake oda. A wannan karon ya ƙara sifili a kowace lamba, sannan ya yi ɗoriya don su san da wanda suke hulɗa: mita uku a faɗi, biyu a tsaye. Bai auna ƙofa ba, bai auna matakala ba. Kuma saboda kunyar da ya sha, bai gaya wa kowa ranar ba. Na gan shi ya sauko shi kaɗai da silifas, ya ninke wata leda a aljihu, don in ƙaramin kwali ne ya ɓoye ya hau da shi. Yana nan yana leƙen babura sai ga babbar mota tana ja da baya, ta toshe min hasken shago. A bayanta akwatin katako ne kamar an ciro bangon wani ɗaki.

Aka aika neman 'yan dakon nan, suka zo suna murmushi. Suka cicciɓi akwatin suka nufi matakala, a kwanar farko ya maƙale, ba gaba ba baya. Awa biyu na sama ba su sauko ba, na ƙasa ba su hau ba. Maƙwabciyarsa da bango ɗaya ya raba su, tsohuwar da duk benen ke kira Gwaggo, ta dawo daga karɓar maganin hawan jini ta tarar da hanya a toshe. Ta zauna a bencin shagona, ta fito da saƙarta, ta ce ita dai ba ta taɓa ganin hoton da ke hana mutum shiga gidansa ba.

Da ƙyar aka janyo akwatin waje. Aka yanke shawara a ɓalle katakon don a rage nauyi, a ɗaure faifan da igiya, a jawo shi ta baranda. Mai Ido ya naɗe jarida ya kafa a baki, ya tsaya tsakiyar titi yana ba da umarni. Damarsa ita ce hagun masu ja, kuma bai taɓa lura ba. Yana cewa dama, faifan na tafiya hagu, yana ƙara ƙarfin murya. Iska ta ɗan taso, abin ya yi lilo, ya daki allon shagona, allon ya ɓalle ya sauka a kafaɗata. Mai Ido ya ruga da gudu, na ɗauka ni zai duba, sai na ga ya ɗaga kai yana tambayar na sama ko gefen ya karce.

A nan ne duk titin ya ga zanen, yana reto a sama. Shuɗi ne mai duhu daga sama har ƙasa, da wasu siraran fararen layuka a karkace, sai wasu inuwoyi a ciki kamar abin da ke ƙasan ruwa. Mahauci ya ce tamfol ɗin da yake rufe firjinsa ne sak. Gwaggo ta ce hoton ƙirjin da aka ɗauke ta a asibiti ya fi shi fasali, don shi ana ganin haƙarƙari. Wani mai wucewa ya tambaya ko tankin ruwa za a haɗa. Mai Ido ya ji daɗi ƙwarai. Ya ce min tun da babu wanda ya gane, kuɗinsa bai tafi a banza ba.

Da matarsa ta dawo ta tarar da abin a jingine ya cinye rabin falo, ta tsaya tana kallo, ta ce wanda ya nuna mata a waya ja ne da rawaya. Ya ce waya ƙarya take yi a kan launi, kuma irin wannan zanen da hasken ɗaki yake tafiya, sai ya saba da gida kafin ya fito da ainihinsa. Kafinta, da ya hawo don ya taimaka a rataya, ya durƙusa a wani lungun faifan ya kai farce, ya fara cewa, "Ai wannan sai an..."

"Ɗauke hannunka," in ji Mai Ido. "Kai da katako ka saba. Abin da ba katako ba, kada ka sa baki."

Kafinta ya dube shi, ya dubi faifan, ya tattara kayan aikinsa ya sauka. Ya zauna a shagona yana dariya shi kaɗai, na tambaye shi ya ce an hana shi sa baki.

Ranar Lahadi da safe Mai Ido ya aro injin huda bango, ya sayo ƙusoshi masu zare, kowace ta kusa taƙi ɗaya da rabi, don a cewarsa babban zane sai babbar ƙusa. Bangon da ke tsakaninsa da Gwaggo kuwa siririn bulo ne, in ta yi atishawa yana ce mata sannu. Bai yi amfani da abin duba saiti ba, ya ce idonsa ya isa. Ya huda rami shida, aka ɗaga faifan, bai zauna ba. Ya huda wasu shida kusa da su, ya karkace. Ya huda wasu. Kafin azahar bangon ya koma kamar rariya, matarsa na sharar garin bulo da tsumma a hanci, shi kuma ya yi fari fat kamar an tsoma shi a buhun fulawa. A ƙarshe dai faifan ya hau, yana ɗan sunkuyowa gaba. Ya ce haka ake so, zanen ne ke gaida mai kallo.

Bai gama wanke hannu ba aka ƙwanƙwasa. Gwaggo ce, da garin bulo a ɗankwalinta. Ta ce ya zo ya ga wani abu. A falonta, ƙusoshi shida ne suka ɓullo daga bango, tsirara, ɗaya ta ture kalandarta, ɗaya kuma ta fito taƙi ɗaya daga inda take jingina kai in tana saƙa.

Ta ce, "Ɗan nan, mijina ya rasu shekara tara, ba wanda ya taɓa shigo min ɗaki ba sallama sai kai."

Ya ce ta yi haƙuri zuwa Asabar, in baƙonsa ya zo ya tafi zai zo da zarto ya yanke su. Ya ƙara da cewa ta ma yi sa'a, ba kowa ke samun bayan irin wannan zane a ɗakinsa ba. Ta ce ta gode da bayan, ya bar gaban a wurinsa.

Gwaggo ba mai ɓarnar abu ba ce. Da ta ga ƙusoshin sun zauna daram, ranar Litinin ta rataya jakar zarenta a ɗaya. Talata ta ƙara lema da ragar albasa. Laraba ta ɗaura igiya daga ƙusa biyu zuwa ƙarfen tagarta, ta samu wurin shanya a cikin ɗaki, abin da ta daɗe tana nema saboda gwiwarta ba ta son hawa rufin bene. Mai Ido bai san da wannan ba. Shi yana can yana haddar jawabi. Ya raɗa wa zanen suna, Kaɗaicin Ɗan Adam Lamba Bakwai. Mahauci ya tambaya ina ɗaya zuwa shida, ya ce suna hannun manyan duniya, kuma ba sa sayarwa. Ya sa na ɗinka masa ɗan gyalen wuya. Ya ɗauko tabarau daga shago, irin na talla da ba magani a ciki, ya maƙala. Ya ja jan zare a gaban zanen daga kujera zuwa kujera don kada a matso. Ya gayyaci duk benen, saboda yana so Likita ya ga yadda jama'a ke sauraronsa. Gwaggo ta ce ba za ta samu zuwa ba, ranar take wankin barguna.

Asabar da la'asar falon ya cika har bakin ƙofa. Likita ya zo da matarsa. Shi dattijo ne ɗan siriri, marar yawan magana, ita kuma mace ce mai fara'a da dogayen farata, irin wadda ba ta iya ganin zare ya zazzago a rigar mutum ba ta ja ba. Matar Mai Ido ta kawo shayi da biskit ta koma gefe ta tsaya. Mai Ido ya gyara gyale, gumi na bin wuyansa, ya harɗe hannu a baya ya fara.

Ya ce shuɗin nan shi ne zurfin zuciyar ɗan Adam. Inuwoyin da ke ciki su ne abin da mutum ke so ya faɗa bai samu mai ji ba. Fararen layukan kuwa, waɗannan su ne kan zancen, hawaye ne, kuma mai zanen ya karkata su ne saboda kuka ba ya sauka a miƙe. Ya ce mai zanen wata uku ya yi bai yi magana da kowa ba kafin ya ja layin farko. Ya ce a duk duniya babu irinsa, guda ɗaya ne, ga shi a gabanmu. Wasu daga cikinmu muka gyaɗa kai, don shayin da daɗi. Ta bayan bango ana jin Gwaggo tana matse wanki tana 'yar waƙarta.

Likita ya ajiye kofi, ya tsallake jan zaren, ya matsa har hancinsa ya kusa taɓa faifan. Ya ciro wani ɗan gilashi daga aljihu ya kara. Ya bi layi ɗaya daga sama zuwa ƙasa, ya koma na gaba.

Ya ce, "Zo ka karanta min wannan."

Mai Ido ya matso, ya ƙanƙance ido, ya ja baya, ya sake matsowa. Ya ce, "Ranka ya daɗe, sa hannun mai zanen ne."

"Sau nawa ya sa hannu? Na ƙirga arba'in a layi ɗaya."

"Haka suke yi, ranka ya daɗe. Saboda masu kwaikwayo."

Likita ya ce layukan ba hawaye ba ne, rubutu ne ƙanana, kuma abu ɗaya suke ta maimaitawa: a ɓare wannan ledar kafin a rataya. Kafinta, da ke tsaye a bakin ƙofa, ya juya ya fuskanci bango, kafaɗunsa na rawa. Kafin kowa ya yi magana matar Likita ta riga ta kai farce lungun faifan. Ledar ta ɗago da wani ɗan sauti, ta ja kamar kamu biyu, sai ga ja da rawaya da baƙi sun bayyana, suna sheƙi.

Ta tafa hannu ta ce wa mijinta, "Kai, duba, irin labulen banɗakinmu ne. Har ɗigon nan na gefe."

Wata daga hawa na uku ta leƙo ta ce ita ma akwai shi a ledar teburinta. Na dubi matar Mai Ido, ta zuba wa butar shayi ido kamar yau ta fara ganinta.

Da wani ne, da sai ya yi dariya ya ce an kama shi. Mai Ido ya yi gyaran murya ya ce da ma ya sani. Ya ce haka ake yi a manyan wurare, a rufe zane sai babban baƙo ya zo a buɗe a gabansa, duk bayanin da ya yi kuma na share fage ne, don a gwada wa ke da ido a cikinmu. Ya ce kowa ya ja baya. Ya naɗe hannun riga, ya damƙi bakin ledar da hannu biyu, ya kafa ƙafa ɗaya a bango, ya ce, "Ranka ya daɗe, a kalla da kyau."

Ledar mita uku da ta sha rana a jikin roba ba ta sakin jiki da sauƙi. Ya ja, ta miƙe. Ya ƙara ja, faifan ya lanƙwaso. A daidai lokacin, a ɗaya gefen, Gwaggo ta ɗora bargo na uku, jiƙe sharkaf, a kan igiyarta. Ta can ana danna ƙusoshi ƙasa, ta nan ana fizgar su gaba, a jikin bulon da ya riga ya sha rami goma sha takwas. Muka ji wani ƙara kamar an taka busasshen burodi. Tsaga ta bi ramukan ɗaya bayan ɗaya. Sai faifan ya taho gaba ɗaya da ƙusoshinsa da bulon da ke riƙe da su, ya bi ta kan teburin shayi, ya kwanta a kan Mai Ido.

Da ƙura ta lafa, abin da muke gani a ƙasa shi ne bayan faifan, da igiyar shanya, da bargo, da albasa na gangarawa ƙarƙashin kujeru, sai ƙafafun Mai Ido biyu da suka leƙo ta ƙasa, takalmi ɗaya ya fice. A bango kuwa rami ne mai faɗin taga. A cikinsa Gwaggo ce tsaye, hannunta biyu a sama inda igiya take ɗazu, kumfar sabulu har gwiwar hannu. Ta dube mu ɗaya bayan ɗaya, mu wajen ashirin, har ta kai kan Likita.

Ta ce, "Sannunku da zuwa. Da an gaya min ta nan za a shigo, da na share."

Muka yi kan faifan za mu ɗaga. Daga ƙasa murya ta fito, a shaƙe, tana cewa a kama ta gefe, kada a sa yatsa a fuskar zanen. Matarsa ce ta fara durƙusawa ta duba shi, aikinta ke nan. Ta latsa nan ta latsa can, ta ce ba abin da ya karye, sai ƙulu a goshi. Daga nan ta zauna a hannun kujera, ta rufe fuska da tiren shayi, ta yi dariyar da tun da suka tare a benen nan ban taɓa jin ta yi ba, har tana shiɗewa. Likita ya kakkaɓe garin bulo daga kwat ɗinsa, ya gode da shayi, ya ce wa Mai Ido ranar Litinin ya fara biyawa ta ɗakin gwaji kafin ya tsaya a kanta.

Matar nan marar hayaniya ita ta gwada shi. Layi na uku a allon gwaji ya gagare shi, ya ce allon ne ya tsufa. Ta rubuta masa tabarau mai kauri, kuma a ƙarshen watan ita aka ba sabon reshe.

Faifan ya tsage gida biyu, 'yan dako kuma suka ce ko da me za a haɗa su ba za su sake taɓa shi ba. Kafinta ya hau da zarto ya yayyanka shi yadda zai bi matakala. Ba a zubar da ko guntu ba. Mahauci ya kafa nasa a bayan kanta saboda yana da sauƙin gogewa, matan hawa na uku suka yi tire, ni ma na samu wanda nake ɗora dutsen guga.

Ramin ne ya ƙi tafiya. Mai benen da muke haya ya turo magini, magini ya tarar da matar Mai Ido da Gwaggo sun jingina da bakin ramin, ɗaya ta nan ɗaya ta can, suna tsinke ganye a kwano ɗaya. Matar Mai Ido ta ce ta nan take duba jinin Gwaggo kowace safiya ba sai ta zagaya ba, Gwaggo kuma ta ce shekara tara rabon da ta ji motsin mutane kusa haka. Suka ce ya daidaita gefen kawai ya shafe da siminti. Mai Ido ya buɗe baki zai yi magana, matarsa ta dube shi ta ce ya riga ya yi nasa tsarin a bangon nan, yanzu saura nata. Ni na ɗinka labulen.

Kwanan baya na hau kai masa ɗinki na tarar yana da baƙo, wani abokin aikinsa. Baƙon ya nuna labulen ya tambaya taga ce a tsakiyar gida? Mai Ido ya gyara sabon tabaransa, ya harɗe hannu a baya, ya ce a manyan birane yanzu haka masu tsara gidaje ke yi, ana buɗe bango don iska da haske su zagaya, kuma shi ya daɗe da hango cewa wurin nan yana buƙatar...

Labulen ya ɗan ɗaga, Gwaggo ta miƙo kai da allurar saƙa a hannu.

Ta ce wa baƙon, "Fasawa ya yi, ɗana. Ina tsaye a nan." Sannan ta juya ga Mai Ido ta ce ya rage ƙarar talabijin, kuma ya miƙo mata gishiri.